Blagoy da Dutsen Danne Kabeji

Ranar Asabar ɗin, wadda ita ce ta ƙarshe a hutunsu na bakin teku, Yordanka ta farka gari bai gama wayewa ba, ta tarar ɗanta ya riga ta fita. Ba sai ta leƙa ɗakinsa ba. Bokitin banɗaki ba ya nan. Duk inda aka je hutu, in dai da Blagoy aka je, bokiti ne ke fara ɓata, sai babban tawul, daga baya kuma safar mahaifinsa, don safa ta fi aljihu ɗaukar tsakuwa.

Ta buɗe taga. Can ƙasa a gaɓar Bahar Aswad ta hango shi. Mutum ne mai shekara arba'in da ɗaya, mai gyaran famfo, ga tumbi ga sanƙo, ya duƙa cikin gajeren wando yana tafiya kamar wanda ya yar da allura. Sai ya ɗauki dutse ya jinjina shi a hannu, ya sansana, ya ɗan lashe shi, sannan ya girgiza kai ya mayar da shi inda ya ɗauko a hankali, kamar mai ba shi haƙuri.

"Kostadin," in ji ta da mijinta, "tashi ka ga ɗanka yana lasar ƙasa."

"Ɗanki dai," ya amsa daga cikin bargo. "Ni ban haifi mai sammako ba."

Da hantsi Nevena, matar Blagoy, ta dawo daga wajen mai gasa burodi da banitsa, wata irin waina mai cuku, da zafinta, ta zuba wa kowa nono a kofi. Ana cikin ci sai ga shi, gumi sharkaf, bokiti yana jan kafaɗarsa ƙasa. Ya ture faranti ya fara jera kaya a kan tebur: wata tsakuwa ja mai zane, wata mai huji a tsakiya, guntun koren abu mai sheƙi.

"Malama, duba wannan. Zumurrudu."

Malama yake kiran uwarsa in yana neman tsokana, don ta yi shekara talatin tana koyar da kimiyyar sinadarai a sakandaren Lovech, kuma shi ma ya zauna a ajinta. Ta sa tabarau ta juya abin sau ɗaya.

"Kwalbar giya."

"Tsohuwa dai ko?"

"Ta bara."

"To wannan fa? Marmara. Ji santsi. Na rantse daga gidan wani sarkin Rumawa ya ɓalle."

Nevena ta karɓa ta juya bayansa, ta kai shi kusa da hancinsa. Ga sauran shuɗin tambarin kamfani nan ruwa bai gama cinyewa ba.

"Blago, guntun masai ne. Kai da kake kafa su kullum!"

"Ba a wurin aiki nake ba, hutu nake," ya ce, ya karɓe abinsa ya sa a aljihu.

Duk waɗannan na ƙwalam ne. Abin da yake nema a gaɓar teku tun yana yaro abu ɗaya ne: dutsen da zai danne kabejin uwarsa.

A Lovech, gidan da Nuwamba ta shiga babu duron kabeji a ɗakin ajiyarsa na ƙarƙashin bene, ko dai mutanen gidan sun ƙaura, ko kuma suna da niyyar roƙo. Ana jera kawunan kabeji ɗungum a duro, a cika shi da ruwan gishiri, a gicciya sanduna biyu a sama, a ɗora dutse don kada ko ɗaya ya ɗago kai ya sha iska ya ruɓe. Bayan 'yan kwanaki mai gida ya riƙa sauka yana hura tiyo don ruwan ya gauraya, har kabeji ya tsimu ya yi tsami. Da shi ake naɗe shinkafa da Kirsimeti, da shi ake cinye sanyi har bazara. Dutsen gidan Yordanka na surukarta ne, baƙi mulmulalle daga kogin Osam, ya girmi kowa a gidan.

Shekarar da Blagoy ya cika sha biyu, suka je hutu Balchik, inda masana'antar da Kostadin ke aiki take da 'yan ɗakuna na ma'aikata. Yaron ya dawo da wani farin dutse tas, mai kyau kamar cuku. Ya roƙi a sa shi a duro, aka ce ya bari a gani. Bai bari an gani ba. Ya saci mukulli ya sauka, ya cire na kakarsa ya ɗora nasa, ya rufe. Kostadin kuwa yana hura tiyonsa ta gefe, bai taɓa ɗaga murfi ba.

Ana saura kwana kaɗan Kirsimeti Yordanka ta buɗe duro. Ruwan ya yi fari kamar an wanke allo, kabeji ya saki jiki ya zama kunu, wari kuma ya hau bene har hawa na huɗu. Dutsen ya rame, ya yi ramuka kamar fuskar mai zanzana. Duk duwatsun Balchik na alli ne, tsami yana cinsu, su kuma suna kashe tsami. Shekarar nan sai da ta ɗauki kwano ta bi ƙofofi, ita malamar sinadarai guda, tana karɓar kai ɗaya nan, rabi can, kowace mata tana yi mata jaje da bakin da ke son yin dariya.

Ba ta doke shi ba. Ta zaunar da shi a kicin, ta ɗauko ruwan khal ɗin nan mai tsami da take zubawa a salak, ta ɗiga a kan abin da ya rage na dutsen. Ya yi shuu, ya kawo kumfa.

"Ka gani? Duk dutsen da ya yi kumfa ba zai taɓa kabejina ba. Ranar da ka kawo wanda bai yi ba, ni da hannuna zan ɗora shi."

Ita ta faɗa ne don a rufe magana. Shi kuwa ya ɗauka an ba shi aikin yi na rayuwa.

Kogin Osam yana bin tsakiyar garinsu, cike da duwatsun da ba sa kumfa, amma ya ce na kogi kowa ma ya iya ɗaukowa, shi na teku zai kawo. Kuma da yake ɗakunan Balchik kusan kyauta ne, Balchik aka ci gaba da zuwa. Kowace shekara sai ya dawo da gwaninsa a naɗe da tawul, kowace Nuwamba a ɗiga khal, kowace Nuwamba a ji shuu. Ya gama makaranta da ƙyar, ya yi soja, ya koyi gyaran famfo, ya auri Nevena, gashin kansa ya zube, bai fasa ba. Fari ya kawo, ruwan toka ya kawo, har da wani mai ruwan ƙasa da ya rantse ya yi tafiyar awa guda cikin ruwa kafin ya samo shi, aka duba ashe guntun siminti ne.

Waɗanda suka faɗi jarrabawa ba ya yar da su. Yana ce musu kowa da ranarsa, ya samar musu aiki. Wani yana tare ƙofar kicin, wani yana daka tafarnuwa, wani yana ƙarƙashin ƙafar kujerar da ta gutsure, wani ana gasa shi a tanda a naɗe a tsumma a sa wa Kostadin a ƙafa da sanyi. Kowanne da sunansa. Mafi faɗi da nauyi, wanda ba ya motsi sai an taru, Goggo Stefka yake ce masa, da sunan yayar mahaifinsa. Da ta ji labari ta yi wata biyu ba ta gaishe shi ba, sannan ta zo ta ce a nuna mata, ta duba ta ce ai ya ma rage mata. Sauran da ba su sami aiki ba suna zaune a barandar gidansa, a bene ɗaya da iyayensa, hawa ɗaya sama da na Stoycho, tsohon direban jirgin ƙasa, wanda ya daina shan kofi a tasa barandar tun da ya ga tsaga a silin.

A sanyin da ya wuce, dutsen kaka ya suɓuce wa Kostadin ya faɗi a siminti ya rabe biyu. Duro ya zama ba shi da dutse. Yordanka ta yi lissafinta ita kaɗai, sannan wata rana ana cin abinci ta ce gwiwoyinta sun gaji da Balchik, a bana kudu take so, Sinemorets. Babu ruwan gwiwa a ciki. Ta san gaɓar kudu dutsen aman wuta ce, baƙi mai tauri wanda khal ba ya yi wa komai. A can ko makaho ya miƙa hannu, abin da ya kamo zai ci jarrabawa. Shekarunta saba'in, ta ga ya isa haka.

Wannan ne ya kawo su inda suke a ranar Asabar ɗin.

Da rana ta take suka sauka gaɓa gaba ɗaya. Kostadin ya kafa lema ya rufe fuska da jarida. Nevena ta shiga ruwa iya gwiwa ta tsaya tana hira da wata mata daga Pleven a kan tsadar tumatir. Yordanka ta zauna a kujerar naɗewa tana kallon ɗanta yana wuce dubban baƙaƙen duwatsu, kowanne cikinsu ya isa ya danne duro har jikoki, shi kuwa ko kallo ba su ishe shi ba.

"Ga wani nan kusa da ƙafarka," ta ce. "Wannan ma ai ba laifi."

"Wannan? Ba shi da fuska, Mama."

"Kabeji zai danne, ba aure zai nema ba."

"Ke dai ki ji da khal ɗinki."

Ya bi ta bayan wani tsauni, wajen da ake gina sabon masauki, ya ɓace. Aka ci soyayyun ƙananan kifi da dankali babu shi. Nevena ta ajiye masa nasa, ta gaji da korar ƙuda ta cinye.

Sai da la'asar suka ji ihu. Ga shi nan tafe, ya rungumo abu a tawul kamar mai kawo jariri daga asibiti, yana taka yashi mai zafi yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Ya durƙusa gaban uwarsa ya buɗe.

Gaskiya dutsen ya yi kyau. Baƙi ne wuluk, faffaɗa daga ƙasa, mulmulalle daga sama, girmansa kamar burodin ƙauye.

"Baƙi, Malama! Ba fari ba, ba ruwan toka ba. Ɗaga ki ji."

Ta ɗaga. Nauyi daidai. Zuciyarta ta yi sanyi, har ta buɗe baki za ta yaba, sai ya ce, "Tsaya, ba ki ga komai ba," ya tofa yawu ya goge gefe ɗaya da babban yatsa.

"Kin gani? Hoton katantanwa. Da hatiminsa ya zo."

A jikin baƙin dutsen ga wani farin zane a nannaɗe, bawon wata halittar ruwa da ta mutu tun duniya na ƙarama. Yordanka ta dube shi. Dutsen da ya fito daga wuta ba ya ɗauke da katantanwa. Ta sa mukullin ɗaki ta ɗan karce gindinsa a ɓoye, mukulli ya bar farin layi, alamar dutsen alli ne.

"Blago, a ina ka…"

Ya ɗora mata tafin hannunsa mai gishiri a baki.

"A'a! Ba a yanke hukunci a bakin ruwa. Nuwamba, ɗakin ƙasa, gaban shaidu. Khal ne alƙali, ba ke ba. Kin yarda?"

Ta cire hannun. "Ka wanke hannun nan kuwa?"

"Kin yarda?"

"Na yarda."

Nan take ya karɓi wayar Nevena ya kira Stoycho, yana magana da ƙarfi har masu wanka suna juyowa. Ya ce ya gaya wa duk mutanen bene su shirya, bana za a ga abin da ba a taɓa gani ba. Daga can Stoycho ya tambaya ko nawa ne nauyinsa, kuma a barandar wa zai kwana.

Da yamma suka ci abinci a wata rumfa mai kallon ruwa. Blagoy ya ja wa dutsen kujera ya zaunar da shi. Da mai kawo abinci ya zo ya ce mutum nawa, ya ce biyar, amma ɗaya yana azumi. Kostadin ya ɗaga kofinsa ya yi wa dutsen fatan alheri, ya ce Allah ya sa ya fi 'yan uwansa albarka. Nevena ta ce in ya sake ya kwanta da shi a gado, ita za ta koma mota. Aka yi dariya, aka tashi da wuri don gobe akwai tafiya.

Washegari suka ɗaure kaya. Gindin motar ya kusa taɓa ƙasa. Dutsen aka ba kujerar gaba, aka ɗaura masa bel, Nevena ta matsu a baya tsakanin surukanta tana mita. Bayan sun wuce Burgas Blagoy ya tsaya wajen masu kankana a bakin hanya. Ya ƙwanƙwasa guda uku, ya zaɓi ɗaya, sannan ya zauna a kan wani akwati ya dafe ƙirji.

"Kamar an ɗora mini Goggo Stefka," ya ce.

Nevena ta yi dariya, don ta ɗauka wasa ne. Kowa ma ya ɗauka wasa ne. Kafin motar asibiti ta iso ya cika. Likita ya ce zuciya ce, kuma ciwon ya daɗe a jikinsa. Yordanka ta tambaya ko ɗaukar nauyi ne ya jawo, ya ce a'a. Ta sake tambaya da wasu kalmomin, ya sake cewa a'a.

Ƙanin Nevena ne ya je ya tuƙo motar bayan jana'iza. Dutsen yana nan a gaba da bel ɗinsa, bai taɓa shi ba, don ya ce bai san ko na wane ne ba. Kostadin ya shigo da shi ya ajiye a bakin ƙofa, kusa da takalma. Nan ya zauna aka yi addu'ar arba'in, aka raba dafaffiyar alkama, ganye ya zube, kowa yana shiga yana fita yana kewaye shi.

Nuwamba ta kama, motocin kabeji suka cika kasuwa. Yordanka ta saya kamar kullum, don ba ta san yadda ake ƙin saya ba. Ta wanke duro, ta huda gindin kowane kai ta cusa gishiri, ta jera, ta cika ruwa, ta gicciya sanduna. Saura dutse.

"Ki ɗora kawai," in ji Kostadin. "Wa zai sani?"

"Kabeji zai sani."

"To ya lalace ɗin. Shekara ɗaya ce. Ai mun taɓa roƙo ba mu mutu ba."

Nevena, wadda ta zo taya ta aiki, ta ce, "Mama, ki bar shi ya ci sau ɗaya. Ki ce kin gwada bai yi kumfa ba. Ni zan yi shaida."

Yordanka ta goge hannu a zane. Ta riga ta auna wannan a ranta tun watan Agusta, ta kowace fuska. In ta ɗora ba gwaji, ta ba shi makin tausayi ke nan, abin da bai taɓa karɓa daga hannunta ba. Yana aji tara ta taɓa ƙara masa maki don kada ya maimaita, ya dawo da takardar ofishin malamai ya ce Malama ta yi kuskuren lissafi. In kuma ta gwada, ta san abin da za ta ji, kuma ita ce za ta kayar da ɗanta a gaban mutane, ba tare da akwai wata baɗi ba.

"Ya ce khal ne alƙali," ta ce. "Na kuma ce na yarda."

Ba ta gayyaci kowa ba, amma shi ya riga ya gayyata. Ranar Lahadi da hantsi, da ta sauka ɗakin ƙasa da kwalbarta, ta tarar mutanen bene sun cika lungun tsakanin tsofaffin kekuna da kwalaben tumatir. Stoycho ya sa kwat da hula. Matan da suka ba ta kabeji a kwano shekaru talatin da suka wuce, waɗanda suka rage a cikinsu, suna gaba. Har Goggo Stefka an kawo ta a tasi, an nemo mata kujera.

Kostadin ya ɗora dutsen a kan wani tsohon tebur. Yordanka ta sa tabarau. Ta goge saman da tsumma, ta zaɓi wuri nesa da katantanwar don a yi adalci, ta karkata kwalbar.

Ɗigo ya sauka. Ya zauna shiru kamar zai yi hankali.

Sai shuu.

Ba ɗan kumfa ba, kumfa na gaske, fari fat a kan baƙi, yana tsalle kamar an buɗe lemon kwalba. A duk duwatsun da ya taɓa kawowa babu wanda ya yi irinsa.

Stoycho ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Can sai Kostadin ya yi gyaran murya.

"Yordanka, ba ke kika ce mini a gaɓar nan ko makaho ya miƙa hannu…"

"Ni na ce."

"To wannan daga ina?"

"Masu ginin masaukin nan ne suka kawo shi a tifa daga wani wuri. Ba ɗan garin ba ne."

"Wato a gaɓa guda, dutse dubu sau dubu, ɗaya ne tak baƙo."

"Ɗaya ne."

"Kuma shi ya ɗauko."

Goggo Stefka ce ta fara. Wata irin ƙara ta fito mata ta hanci, ta toshe baki da gyale, abin ya ƙi toshewa. Nevena ta bi, ta jingina da duro tana dariya hawaye na zuba, ba a san wanne ya riga wanne ba. Stoycho yana cewa "Allah ya ji ƙansa, Allah ya ji ƙansa," kafaɗunsa suna rawa. Yordanka ta jira har kumfan ya kwanta, kamar yadda take jiran aji ya yi shiru, sannan ta rufe kwalbar.

"Ya faɗi," ta ce.

Da ta faɗa sai ta ji abin da ba ta zata ba. Tun Agusta mutane ke zuwa suna ba ta labarin wani Blagoy mai hankali, mai natsuwa, wanda bai taɓa kuskure ba, har ta fara rasa gane wanda ake nufi. Wannan na kan teburin kuwa ta san shi sarai.

Nevena ta share fuska ta hau sama. Ta dawo da akwatin kayan aikin mijinta, ta ciro wata leda mai kauri da farin zaren da masu famfo ke naɗe bakin bututu da shi. Ta miƙa wa surukarta.

"In aka sa shi a leda aka ɗaure, ruwan ba zai taɓa shi ba. Nauyi dai ake so, ko ba haka ba?"

Yordanka ta dubi ledar. "Na san da wannan tun yana ɗan shekara sha biyu."

"Shi ma ya sani, Mama. Shekarar da muka yi aure na gaya masa. Ya ce in na kuskura na faɗa a gabanki, in haɗa kayana in koma gidanmu."

Yordanka ta karɓa, ta sa dutsen a leda, ta ƙara wata a kai, ta naɗe baki da farin zaren har sai da ya ƙare. Kostadin ya miƙo hannu zai taya ta, ta ce ya matsa, ita ta yi alkawari. Ta ɗaga da ƙyar ta ɗora a kan sandunan. Kabeji ya nutse, ruwa ya haura ya rufe shi.

"Ban ce ya ci ba," ta ce da shaidu. "Na ce dai ya samu aiki."

Sauran kayansa ba su ba da wahala ba. Tufafi aka kai coci. Akwatin aiki aka ba abokin aikinsa. Duwatsun da suke da aiki aka bar kowanne a bakin aikinsa, don ba a sami masu maye gurbinsu ba. Na baranda kuwa Nevena ta ce duk mai so ya ɗauka, mutanen bene suka yi ta hawa suna sauka da ɗaya ɗaya. Stoycho, wanda ya yi shekaru yana kai ƙara a kansu, ya ɗauki uku, ya jera a tasa barandar, ya koma shan kofi a can.

Motar aka sayar wa wani mai kiwon zuma daga Troyan. Bayan mako guda ya bugo waya, Yordanka ta ɗauka. Ya ce ya buɗe wurin tayar ko-ta-kwana bai ga taya ba, duwatsu ya tarar, an jera su an cusa tsummoki a tsakani don kada su yi ƙara. Yana tambaya ko ya zubar.

"Wane launi ne?"

"Farare ne, Mama. Farare tas."

"To ba sai na gwada ba," ta ce. "Kawo su dai."